Sifika mai wat 150 da amfilifaya mai wat 60, za su zauna lafiya kuwa?

"Salam Malam, barka da aiki. Ina zaune a Agege, falona bai fi ƙafa 12 da 14 ba kuma ƙasan tayil ne. Na tara ɗan kuɗi ina so in rabu da ƙaramar sifikar bulutut ɗin da nake fama da ita in haɗa kayan sauti na gaske. Sau biyu ina zuwa kasuwar Alaba ina dawowa kaina a ɗaure. Akwai Wharfedale Diamond 12.1 ƙanana sabbi, akwai kuma wasu dogaye tokunbo, wato na hannu da ake kawowa daga waje, na Pioneer masu wufa (babban bakin da ke fitar da bas) inci 10 an rubuta 150W da om 6 a bayansu, kuma kuɗinsu bai kai na ƙananan ba. Wajen amfilifaya wani ya nuna min Yamaha A-S301 mai wat 60, wani yaron shago kuma yace wat 60 wasan yara ne ba zai ja 150 ba, in ɗauki wani ɗan Chana mai 2000W wanda ko rabin kuɗin Yamahar bai kai ba. Da safe karatu nake saurara, da yamma waƙa, ƙarshen sati ƙwallo. Don Allah wanne zan ɗauka, kuma ya ake haɗa wat ɗin nan kar in ƙona kuɗina?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa, barka kadai. In na fahimce ka tambayoyi biyu ne ka cusa a buhu ɗaya: tsakanin ƙananan sabbi da dogayen tokunbo wanne ya dace da falonka, sannan ko dole ne lambar da ke jikin amfilifaya ta kai lambar da ke bayan sifika. Bari in fara da ta biyun don ita ce take cinye kuɗin mutane, kuma ita nake gani kullum a teburina, na daɗe ina gyaran kayan sauti a nan ɓangaren Ojo, na gida da na masallaci da na masu haya a biki.

Yaron shagon nan ba lallai ne ya yi niyyar cutarka ba, shi ma haka ya taso ya ji ana faɗa, babbar lamba ita ce ƙarfi. Amma maganar tasa ba haka take ba.

Abin da 150W ɗin nan yake nufi

Lambar da ke bayan sifika ba abincin da take buƙata ba ne kafin ta yi magana, iyakar abin da za ta iya ɗauka ne kafin koyil ɗinta, wato naɗin wayar da ke cikinta, ya yi zafi ya lalace. Kamar buhun da aka rubuta kilo 50 ne, ka zuba mudu uku a ciki buhun ba zai ce maka komai ba, sai ranar da ka nemi cusa kilo 70 ɗinkin ya ɓalle. To haka sifika take, mai 150 za ta yi ƙara da wat ɗaya tak, kuma ƙarar da za ka ji har tsakar gida. Ina da wani tsohon amfilifaya a shago mai allura biyu a gaba da ke nuna wat ɗin da ke fita, in kwastoma ya fara min gardama sai in kunna masa waƙa in ce ya ƙaro murya har inda yake ji a gidansa, ya ƙaro, mu duba allura, da ƙyar take wuce wat 1, sai in an buga ganga ta ɗan zabura zuwa 4 ko 5 ta dawo. Wasu cewa suke allurar ce ta lalace.

Kuma ka lura, a kan irin dogayen tokunbon nan yawanci 150 ɗin da suke rubutawa ita ce ta ƙololuwa, wato ta ɗan lokaci, wadda za su jure a kai a kai ƙasa da haka take sosai. Su kuma Wharfedale ɗin kamfanin da kansa ya ce a haɗa su da amfilifaya mai wat 20 zuwa 100, kaga 60 ta faɗo tsakiya kenan.

Shi kuma mai 2000W ɗin

In ka koma Alaba ka juya shi ka duba bayansa kusa da inda wayar wuta ke shiga. Za ka ga an rubuta wutar da yake sha, ko ka ga girman fiyus ɗinsa. In fiyus ɗin mai amfiya 2 ne, ka ninka da bolt 230 na wutarmu, 460 kenan, kuma wannan shi ne inda fiyus zai tsinke ba inda yake aiki ba. Abin da bai sha 500 daga bango ba ta ina zai fitar da 2000? Wasu ma da adafta mai bolt 12 amfiya 5 suke zuwa irin ta laftof, bolt sau amfiya wat 60 ne gaba ɗaya a raba wa gefe biyu, kuma a kan sifika mai om 8 irin waɗannan ƙananan da ƙyar suke kai wat 9 a kowane gefe kafin sauti ya fara karcewa. In ka ga haruffan PMPO kusa da lambar to ka manta da ita kawai, babu wata ƙa'ida da aka yarda da ita wajen auna ta, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa a kwali. Wannan wasan lambar ba yau aka fara ba, tun 1974 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kafa doka a kan yadda za a riƙa tallata wat ɗin amfilifaya saboda ƙaryar ta yi yawa a can ma.

Lambar da ake nema ita ce wadda ake cewa RMS, wato wadda zai riƙe a kai a kai, kuma kamfanin kirki ba ya rubuta ta ita kaɗai, sai ya gaya maka a kan om nawa, gefe biyu suna aiki tare, kuma da karcewar sauti kashi nawa. Yamahar nan an rubuta wat 60 a kowane gefe a kan om 8, daga 20Hz zuwa 20kHz, wato daga sauti mafi kauri zuwa mafi siriri, karcewa ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari. Wannan 60 ɗin ta gaskiya ce. Ɗaga shi ma ka ji, nauyin tiransfoma ne a ciki. Sai dai kar ka riƙe nauyi a matsayin hujja ko yaushe, akwai na zamani da ake kira kilas D waɗanda ba su da nauyi ba sa zafi kuma suna da ƙarfi na gaske, ni kaina ina haɗa wa mutane su musamman masu inbata don ba sa cin batir, wajen kashi 90 na wutar da suka sha suke mayarwa sauti, su kuwa irin Yamahar nan kilas AB kusan rabi a zafi yake tafiya. Ba ƙin kayan Chana nake ba, akwai masu kyau ƙwarai, wanda ya rubuta 2000 a kan gwangwanin da bai kai bulo nauyi ba shi nake ƙi, don wanda ya yi maka ƙarya a kwali ban san me ya ɓoye a ciki ba.

Lambar da ba wanda yake tambaya

A duk shekarun nan ba su fi mutum biyar da suka taɓa tambayata desibel ɗin sifika ba, wato ma'aunin ƙarar sauti da ake rubutawa dB, alhali ita ce take gaya maka wat nawa kake buƙata. A takardar sifika za ka ga wata lamba da dB a gabanta, 85 ko 88 ko 91, ma'anarta in aka ba sifikar wat ɗaya aka tsaya mita ɗaya daga gabanta ga ƙarar da za a ji. Diamond 12.1 an rubuta mata 88dB.

Yanzu ga lissafin, ka bi ni a hankali don shi ne ƙashin bayan maganar. Duk sanda ka ninka wat sau biyu, 3dB kawai kake samu. Wat 1 ya ba ka 88, wat 2 ya ba ka 91, wat 4 ya ba ka 94, 8 ya ba ka 97, haka har wat 64 ya kai ka 106 a mita ɗaya. Shi kuma 3dB a kunne ɗan ƙari ne kawai, irin wanda za ka ce "kamar an ɗan ƙaro", kafin kunne ya ce sauti ya ninka sai an ƙara wajen 10dB, wato sai ka ninka wat sau goma. Kenan wanda ya bar mai 60 ya sayi mai 120 yana zaton ƙara za ta ninka ya sayi 3dB ne da kuɗinsa. Na gaba da Yamahar nan, A-S501, wat 85 ne, tsakaninsu da mai 60 desibel ɗaya da rabi ne kacal, in aka rufe maka ido da ƙyar ka bambance.

To kai ba a mita ɗaya za ka zauna ba. A falo mai ƙafa 12 da 14 kujerarka za ta kai wajen mita 3 daga sifika. A fili duk ninkin nisa yana cinye 6dB, mita 3 zai cinye kusan 10, sai dai sifika biyu ne suna dawo maka da wajen 3, bango da tayil ma suna dawo da wani abu. Mu ce a kujerarka wat ɗaya a kowane gefe yana ba ka 82 ko sama kaɗan. Hira tsakanin mutum biyu wajen 60 ce. Karatun safe ba za ka wuce 70 ba, ko rubu'in wat ba ka taɓa ba. Waƙar yamma in ka ji daɗi ka ƙure ta kai 85, wannan fa ita ce iyakar da masana lafiyar ma'aikata suke cewa kar kunne ya wuce awa 8 a cikinta, wat biyu ne. Abin da ya sa ba za mu ce ka sayi mai wat biyar ka huta ba shi ne kiɗa ba a miƙe yake tafiya ba, bugun ganga ko kalangu ko ihun 'yan kallo in an ci ƙwallo yana zabura 10 zuwa 15dB sama da sauran, na ƙiftawar ido, kuma a wannan ƙiftawar ana neman ninki goma zuwa talatin na wat ɗin. Biyu sau talatin sittin. Kaga inda 60 ɗin ta fito, ba don ka riƙa shan ta kullum ba, ajiya ce don lokacin zabura.

Da sifikar mai 85dB ce, irin KEF LS50 da ake ta yabo, da sai ka nemi ninkin wannan wat ɗin kafin ka samu ƙara iri ɗaya, da kuma mai 91 ce rabi ya ishe ka. Shi ya sa nake cewa a fara zaɓen sifika tukun sannan a nemo mata amfilifaya, ba a sayen linzami kafin a ga dokin.

Maganar om

Om shi ne yadda sifika take tare wuta, in lambar ta yi ƙasa tana jan wuta da yawa daga amfilifaya yana ƙara zafi. Om 8 sauƙi, om 6 ba matsala ga duk amfilifayan kirki, om 4 sai ka duba bayan amfilifaya ka ga an rubuta ya yarda. Kuma lambar ba a tsaye take ba, tana hawa tana sauka da irin sautin da ke fita, Wharfedale ɗin da aka ce 8 akwai inda take sauka wajen 4, Yamahar tana ɗauka lafiya.

Inda mutanenmu suke kashe amfilifaya shi ne wajen jera sifiku. Ka sayi ƙananan, bayan wata uku ka ga dogayen sun yi araha ka kwaso, ka murɗa wayoyinsu wuri ɗaya don falo ya cika. Om 8 biyu a haɗe sun koma 4, om 6 biyu sun koma 3, 8 da 6 sun koma wajen uku da rabi, 4 biyu sun koma 2, daga nan sai ka ji amfilifaya yana ɗauke kansa in ka ƙara murya, in mai kariya ne kenan, in mara kariya ne sai wari. Ramukan jona sifika na A da B da ke bayan amfilifaya ma in ka kunna su tare haɗewa suke a ciki, ka karanta ɗan rubutun da ke gefensu kafin ka yi.

Ƙaramin amfilifaya ya fi ƙona sifika

Wannan ita ce maganar da mutane ba sa yarda sai sun gani. Tuwita, 'yar ƙaramar da ke sama mai fitar da siririn sauti, mafi yawan waɗanda nake canzawa ba babban amfilifaya ne ya kashe su ba, ƙarami ne da aka matsa masa. In amfilifaya ya kai iyakarsa kai kuma kana ci gaba da murɗawa, ƙololuwar ƙarfinsa ba ta ƙaruwa, sai ya fara yanke kan sautin yana fitar da wani ƙazamin kaushi, matsakaicin wutar da ke shiga sifika ya hau sosai, kuma kaso mai yawa na kaushin nan tuwita yake tafiya, ita kuwa wayar koyil ɗinta siririya ce kamar gashi, 'yan wat kaɗan take ɗauka.

Akwai wani bawan Allah mai sayar da albasa a Mile 12 da ya kawo min sifiku masu kyau, an yi suna a gidansa aka fito da su waje ƙarƙashin rumfa aka haɗa da irin ɗan gwangwanin nan mai dubban wat a kwali, tun hantsi yara suka ƙure murya suka ƙure bas, kafin la'asar sauti ya koma kamar ana magana cikin tulu. Na buɗe tuwita ɗaya a gabansa, koyil ɗin ya yi baƙi ƙirin ya warware kamar zaren da aka babbake, na miƙa masa ya sunsuna. Yace to ai an rubuta sifikar tana ɗaukar 120, nace eh, amfilifayan naka ne ko 15 bai kai ba, kukansa ne ya kashe ta. Ba na cewa babba ba ya ƙonawa, yana yi, in ka ɗora wat 300 na gaske a kan 'yar sifika ka ƙure za ka ji wufa tana buga ƙasa ƙwas ƙwas kafin ta tafi. Amma ko wanne ne kunnenka zai gaya maka kafin ɓarna: da ka ji muryar mai waƙa ta fara kaushi, ko "s" ɗinsa yana yankan kunne, rage. Kuma kayan falo ba na taron biki ba ne, in suna ya zo ka yi hayar na haya.

To wace sifikar?

A nan ra'ayina zan faɗa kuma kunnenka ne alƙali, don ban ji waɗancan Pioneer ɗin ba kuma tokunbo kowanne da tarihinsa, biyu masu lamba ɗaya ma ba sa zama ɗaya bayan shekara ashirin.

Ni da falon nawa ne ƙananan zan ɗauka. Dalili na farko abin da kace kana saurara: karatu, sharhin ƙwallo, waƙa, duk murya ce a gaba, kuma wajen fitar da murya tsaf yadda za ka ji makharajin kowane harafi da numfashin mai karatu ƙananan zamani irin Diamond ɗin nan sun yi wa yawancin dogayen da nisa. Da yawa daga dogayen tokunbo da ke Alaba asalinsu na saitin rediyon falo ne na shekarun 1990, akwatin katon ne amma katakon siriri, ka ƙwanƙwasa gefensa ka ji yana amsawa kamar ganga, bas ɗin yana da yawa amma a kumbure yake yana rufe murya. Ba duka ba fa, Pioneer da Technics da Kenwood sun yi masu kyau ƙwarai a wancan zamanin, in ka dace ka dace. Na biyu falonka: ƙafa 12 da 14 da tayil, wufa inci 10 guda biyu a ciki za su cika ɗakin da gunji, taga na rawa, kwanukan kabet na amsawa, in kuma gidan haya ne mai ɗakuna a jere bas shi ne yake ratsa bango ya shiga ɗakin maƙwabci ba murya ba, kai kana jin daɗi shi yana jin dum dum a ƙirjinsa. Legas ce fa, har hukuma gare su ta muhalli, LASEPA, da ke rufe wurare saboda ƙara, kafin a kai can ma mai gida zai fara ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Abin da za ka rasa a ƙananan shi ne bas na can ƙasa. Wufarsu inci 5 ce, tana sauka wajen 65Hz, ganga za ta fito da kyau amma wannan girgizar da ake ji a ciki ba za ta zo ba. In daga baya ka ji kana kewarta Yamahar tana da ramin sabwufa a baya, wato sifikar da bas zalla take fitarwa, ka ƙaro guda ɗaya mai amfilifayanta a ciki, ka sa mata murya daidai yadda ba za ta dami kowa ba. Wannan ya fi min a kan ka sayi ƙato tun farko ka rasa yadda za ka rage shi.

In kuma aljihu ya ce dogayen, ko kai mai son bas ne tsakani da Allah, ba laifi, mai wat 60 zai ja su har ya yi saura, irinsu ma yawanci ba sa wahalar ja. Amma kar ka biya sai ka cire ragar gaba ka duba da idonka. Zoben da ya kewaye wufa in na soso ne ka shafa shi da yatsa, damshin Legas da zafi suna cinye soson nan, wani da ka taɓa zai marmashe a hannunka, wani an shafe shi da gam an fesa baƙin fenti. Ka sa yatsu a kewayen tsakiyar wufar ka tura a hankali, ta shiga ta fito shiru, in ka ji ƙarar gogayya kamar yashi koyil ya taɓa zafi. Ka kara kunne a kan kowace tuwita ana kiɗa ƙasa ƙasa ka tabbata duka biyun suna magana, ka duba ko wufar hagu da ta dama iri ɗaya ce don ana cire ta asali a sa ta kasuwa, sukurorin da suka sha sukundireba suna tona asiri. Ka duba gindin akwatin ko ya sha ruwa ya kumbura. In akwai mita a shagon a auna maka, mai om 6 za ta nuna 4 da wani abu zuwa 5, ba matsala ba ce haka ake gani, abin nema dai biyun su nuna kusan ɗaya.

Wutar Legas

Kafin ka sa kowane amfilifaya a soket ka karanta bolt ɗinsa, sabo ko tokunbo. Namu 230 ne. Na Ingila da Turai daidai suke da namu, na Amurka 120 ne, na cikin gidan Japan 100, kuma duk suna shigowa kasuwar nan a kwantena ɗaya. Na taɓa karɓar wani ɗan Japan mai kyau kamar ka lasa, mai shi ya canza masa kan fulogi kawai ya soka a bango, daƙiƙa biyu bai yi ba, da na buɗe tiransfoman ya narke har ya manne da ƙarfen ƙasa. In ka samu irinsu da araha sai da tiransfoman rage wuta, kuma ka lissafa kuɗinsa a ciki kafin ka ce araha ce. Wasu suna da ɗan makunnin zaɓen bolt a baya, ka tabbata yana kan 220 zuwa 240.

Ka sa sitabilaiza, mai 1000VA ta ishi amfilifaya da talabijin. In an ɗauke wuta ka kashe shi daga makunni, kar a dawo da ita ta same shi a buɗe, kuma in za a juya zuwa janareta a bari injin ya daidaita tukun, musamman ƙaramin nan da ake wa kirari da na fi maƙwabcina, wutarsa hawa da sauka take in firji ya tashi. In inbata gare ka ka tambaya ko mai tsabtatacciyar wuta ce, masu arahar nan suna sa tiransfoma gurnani da zafi har ka ji zzz a sifika. Wajen kunnawa amfilifaya ne na ƙarshe, wajen kashewa shi ne na farko. Kuma don Allah kar a ɗora masa dikoda a kai ko a lulluɓe shi da ƙyallen ado, ramukan saman nan numfashinsa ne, na san uwargida za ta so ta rufe saboda ƙura, a rufe in an kashe ya huce.

Abu ɗaya da zai iya ba ka haushi: A-S301 ba shi da bulutut a ciki. Yana da ramin oftikal da za ka jona talabijin don ƙwallo, wannan ya yi, amma don waya sai ka sayi 'yar na'urar karɓar bulutut ka soka a baya, ba ta da tsada. In kana so a haɗe, Denon PMA-600NE yana da shi a ciki, wat 45 ne a om 8, kuma da lissafin da muka yi ka riga ka san tsakanin 45 da 60 bai kai desibel ɗaya da rabi ba. Farashi kam ba zan faɗa ba don da dala yake tashi, abin da na gani wancan watan ba shi ne na yau ba. Akwai kuma hanya ta uku in kuɗin bai kai ba, sifiku masu amfilifaya a cikinsu irin Edifier R1280T mai wat 21 a kowane gefe, ba ruwanka da lissafin haɗi, sun fi 'yar bulutut ɗinka nesa ba kusa ba, sai dai a falo irin naka ranar ƙwallo za ka ji sun gaza kuma ba a ƙara musu komai daga baya.

In ka kawo su gida kar ka ajiye ƙananan a ƙasa ko ka cusa su cikin kabet. Tuwita ta zo daidai kunnenka in kana zaune, tsakaninsu wajen mita biyu, ka ɗan karkato su su kalli kujerarka. Ramin iskarsu a baya yake, ka bar aƙalla taƙi ɗaya da rabi tsakaninsu da bango, in ka manna su bas zai kumbura. Tayil ɗin nan kuma ka shimfiɗa kafet a tsakiya ka sa labule mai kauri, wallahi canjin da wannan zai kawo ya fi na ƙarin wat 40. Waya mai kauri 1.5mm ta jan ƙarfe zalla ta isa, ka kankare bakinta ka gani don akwai alminiyon da aka shafa wa ja, kuma ja ya tafi ja baƙi ya tafi baƙi a duka gefen, in ka juya ɗaya bas zai ɓace ka yi ta zargin sifika.

Ranar da za ka koma Alaba ka tafi da sassafe kafin kasuwa ta ɗau hayaniya, ka sa karatun da ka fi sani da waƙa biyu a wayarka, kar ka yarda a gwada maka da nasu don sun san wadda take ɓoye aibi. Ka sa a jona ƙananan da dogayen a kan Yamahar ɗaya, murya daidai wadda za ka ji a gida ba ta kasuwa ba, kuma ka daidaita ƙarar su zo ɗaya kafin ka yanke hukunci don kunne wanda ya fi ƙara yake zaɓa ko da bai fi kyau ba. Ka karɓi rasit da lambar jikin kayan a rubuce, kuma kwalin da aka gwada maka shi za a ɗaure maka a gabanka.